Makullin da Mai Bajo Ya Saya

Yayana bai taɓa karɓar aron ko da allura ba. In ka miƙa masa abu ka ce ya yi amfani da shi ya dawo maka, sai ya tambaye ka nawa za ka sayar. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na sha fama da wannan hali tun muna yara, lokacin da ya gwammace ya taka da ƙafa zuwa makaranta da ya hau keken wani. Shi yana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ni kuwa ina cewa taurin kai ne kawai aka yi wa ado da karin magana, har gobe kuma ban janye ba.

A gari an fi saninsa da Mai Bajo. Bajo shi ne ɗan tambarin nan na zare da ake ɗinkawa a ƙirjin rigar 'yan makaranta, da ta masu gadi, da ta ma'aikatan asibiti. Da aikin tela ya fara, yana surfani da keken ƙafa, har ya tara abin da ya sayi injin surfani mai aiki da kwamfuta. Shagonsa siriri ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da magani da mai hoto. In ka shiga, ƙamshin man keke ne zai fara tarar ka. A bangon dama kantocin zare ne, ya jera su daga mafi duhu zuwa mafi haske, kuma kaiconka in ka ɗauki ɗaya ka mayar da shi inda ba wurinsa ba. Inji yana tsakiya. Can ƙurya, bayan wani labule mai ruwan toka, nan kwamfutarsa take, wadda yake kira Tsohuwa.

Injin ba ya ɗinka komai sai an zana masa. Zanen kuma ba a yinsa sai da wata manhaja ta wani kamfanin waje, mai tsadar gaske. Don ya saye ta Yaya ya sayar da babur ɗinsa, ya koma tafiyar ƙafa kamar lokacin makaranta. Ina nan ranar da wakilin kamfanin ya kawo ta: kwali, da faifai, da wani littafi mai kauri, da wani ɗan abu shuɗi da bai fi ƙaramin yatsa ba. Wannan shi ne makulli. In ba a soka shi a jikin kwamfuta ba, manhajar ba ta buɗewa. Yaya ya juya shi a tafin hannunsa, ya dubi wakilin ya ce, "Yanzu wannan nawa ne?"

"Naka ne, ranka ya daɗe. Ka saya ke nan har abada."

Ya sa shi a zoben makullansa, tare da na gida da na shago. Tun daga ranar, duk inda ya zauna za ka ji su suna ƙara a aljihunsa.

Ni malamar firamare ce, kuma bajon makarantarmu aikinsa ne: tsuntsu ya buɗe fukafukai a saman littafi. Na kai masa aikin ina tsammanin kwana biyu zai ɗauka, sai ya ja ni har na fara jin kunyar haɗa ido da shugaban makaranta. Kullum na leƙa bayan labule zan tarar da shi ya ƙura wa allo ido, yana dasa ɗigo ɗaya bayan ɗaya da linzamin kwamfuta. Na ce, "Yaya, tsuntsu ne fa, ba hoton sarauniya ba. Yaran da za su sa shi majina suke sharewa da hannun riga." Bai ko waiwayo ba. Da ya gama ya ɗinka guda ɗaya ya ce in fita da shi rana. Kowane gashin fiffike ya karkatar da zarensa daban da na kusa da shi, ɗan kaɗan, ta yadda in yaro ya motsa sai hasken ya bi fiffiken, kamar tsuntsun zai tashi. Daga ranar ban sake yi masa tsiya a kan tsuntsun ba.

Kowane zane kashi biyu ne a wurinsa, kuma shi ya raɗa musu suna. Akwai uwa, wato ainihin zanen da ke cikin manhaja, wanda za a iya ƙara masa girma, ko a sauya harafi, ko a gyara kwanciyar zare. Akwai kuma 'ya, wadda ake fitarwa daga uwar a sa a filas, ɗan abin nan da ake kwafar aiki daga kwamfuta, a kai wa inji. 'Ya ba ta gyaruwa, ɗinkawa kawai ake yi, amma kowane inji zai iya karanta ta. Uwa kuwa ba mai buɗe ta sai manhajar.

A nan ne wani yaronsa na dā ya shigo labarin, wanda ake kira Sauri saboda ba ya iya tafiya sai da ɗan gudu. Ya yi shekaru a hannun Yaya, hannunsa kuma yana da kyau. Da ya tashi buɗe nasa shagon a ɗaya gefen kasuwa, sai ya tafi da filas ɗin da ke ɗauke da 'ya'yan wasu makarantu, ya riƙa ɗinka musu bajo a farashi mai sauƙi. Yaya bai kai ƙara ba, bai yi faɗa ba. In sun haɗu a hanya yakan amsa gaisuwa da kalma ɗaya ya wuce. Amma daga nan ya kafa wa kansa doka: da zarar an gama aiki, sai ya goge 'yar. Ko ɗaya ba ta kwana a inji. In makaranta ta dawo neman ƙari, sai ya shiga bayan labule, ya soka makulli, ya fitar da sabuwa daga uwar. Na taɓa ce masa ya riƙa ajiye su a wani wuri don gudun ɓacin rana. Ya ce, "Wanda ke da uwa a gida me zai yi da ajiyar 'ya?"

Cikin 'ya'yansa, Auta ce kaɗai ta so sana'ar. Ita ke kula da inji, tana jin ƙarar allura ta san zare zai tsinke tun bai tsinke ba. Yaya ba mai yawan magana ba ne, amma wata rana a gabana ya ɗaga labule ya nuna mata Tsohuwa ya ce, "Ban gina gidan haya ba, ban tara komai a banki ba. Uwayen nan su ne abin da zan bar miki. Duk makarantar da ke garin nan, sai ta biyo ta ƙofarki." Wannan shi ne burinsa gaba ɗaya, ya miƙa wa 'yarsa aikin hannunsa, ya zama nata yadda yake nasa.

Sai saƙonni suka fara shigowa wayar shago. Auta ce ke karantawa. An sayar da kamfanin ga wani babban kamfani, sababbin masu shi kuma sun ce an daina sayar da manhaja, haya za a riƙa yi, biya wata-wata. Masu tsohon makulli su hanzarta su koma sabon tsari, an yi musu rangwame na ɗan lokaci. Auta ta karanta masa sau ɗaya, ta sake karantawa.

"Baba, sun ce za su daina kula da tsohuwar fa."

"Su daina mana. Ni na ce su kula da ita? Wanda ya sayar mini da keken ɗinki bai taɓa dawowa ya ce in riƙa biyansa kafin in taka ba."

Gaskiyarsa ta yi aiki na tsawon lokaci, don Tsohuwa ba ta shiga intanet, ba ruwanta da abin da ake yi a duniya. Rangwamen ya wuce, saƙonnin suka ƙare. A tsakanin nan kuma ciwon suga ya fara taɓa idonsa. Ya ƙara girman rubutun allo, ya sauya tabarau, ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Sabon zane ya fara gagararsa, sai dai tsofaffin, waɗanda ya san su kamar ɗakin kwanansa. Na ce ya zaunar da Auta ya koya mata zanen tun da sauran gani, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce sai hannunta ya ƙara nuna.

Ana gab da komawa makaranta, lokacin da aiki ya fi yawa, aka kawo wuta da ƙarfi wata safiya. Auta ta ce ta ji wani ɗan ƙara a bayan labule, sai ƙauri ya biyo baya. Tsohuwa ba ta sake tashi ba.

Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya ce ta ƙone, amma ma'ajiyarta lafiya lau. Uwayen duk suna nan, ba wadda ta ɓata. Yaya ya yi ajiyar zuciya, har ya yi wa mai gyaran ba'a cewa ya cika tsoratar da mutane. Ya sayi wata kwamfutar da aka taɓa amfani da ita, aka ɗauko faifan daga kwalinsa, wanda yake nan fes kamar jiya aka kawo shi, aka ɗora manhajar. Yaya ya ciro makulli daga aljihu ya soka da hannunsa. 'Yar fitilarsa ta kama. Sai wani rubutu ya fito a allo.

"Me ta ce?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Baba, ta ce tunda sabuwar kwamfuta ce, sai ta gaisa da kamfani sau ɗaya ta intanet, su tabbatar da makullin."

"To, ta gaisa da su."

"An gwada. Wurin da take kira ɗin sun rufe shi."

Ina shagon ranar da aka kira kamfanin, don bajon makarantarmu yana cikin ayyukan da suka tsaya. Auta ta sa wayar a amsa-kuwwa ta ajiye a kan teburin yanka. Aka yi ta sa mana kiɗa, har wata yarinya ta ɗauka, muryarta mai sanyi, mai ladabi. Yaya ya gyara zama kamar tana ganinsa.

"'Yata, sannu da aiki. Ni tsohon mai hulɗa da ku ne. Na sayi kayanku, ga kwalin, ga faifan, ga makullin a hannuna. So nake ki buɗe mini."

"Muna godiya da kasancewarka tare da mu, Baba. Sai dai wannan samfurin an daina tallafa masa. Amma muna da sabon tsari mai matakai uku."

"Ba sabo nake nema ba. Nawa nake nema."

"Na fahimta, Baba. Abin da ka saya izinin amfani ne, ba manhajar kanta ba. Yana cikin sharuɗɗa."

"Wanda kuka aiko ya ce mini har abada."

"Wancan tsohon kamfanin ne, Baba."

Ta yi bayanin matakan. Na ƙasa ba ya buɗe tsofaffin zane. Na tsakiya ma haka. Sai na sama, wanda kuɗinsa na wata ya kusa kamo hayar shagon, ana biyan na shekara a dunƙule, kuma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da ta fi wadda ya saya. Ranar da ka daina biya kuma, zanen ya sake rufewa. Yaya ya saurara har ta gama, sannan ya yi tambayar da ta fi damunsa.

"In na biya, in na mutu, 'yata za ta gāda?"

Ina jin wannan ba ya cikin takardar da yarinyar take karantawa. "Lasisin na mutum ɗaya ne, Baba. Ba a gadonsa. Sai dai ta buɗe nata."

"Haɗa ni da mai kamfanin."

"Ba ni da wannan damar. Akwai wani abin da zan iya taimaka maka da shi?"

A nan na ƙwace maganar, na faɗi abin da bai kamata malamar makaranta ta faɗa ba. Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa yarinyar, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Har yau in na tuna yadda ya yi mata addu'a sai raina ya ɓaci, ban kuma san da wa nake fushin ba.

Mai gyara ya dawo washegari, ya rage murya ya ce akwai hanya. Akwai fasasshiyar manhajar, wadda ba ta neman makulli, rabin masu inji a kasuwa da ita suke aiki. Zai ɗora ta kafin a sha shayi. Na ce alhamdu lillahi. Yaya ya ce a'a.

"Yaya, kayanka ne fa! Da guminka ka zana su!"

"Shi ya sa. Ni da na saya da kuɗina, in koma ina haura katangar gidana kamar ɓarawo? In na yi haka, da wane baki zan ce Sauri ya yi mini ba daidai ba?"

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da girman iyayenmu. Kamar ina magana da bango. Ya sa Auta ta ɗauko wani tsohon bajo da aka ɗinka, ya ce zai sake zana shi da ƙaramin matakin in ya so. Ya riƙe shi a gaban fitila, ya matso da shi, ya nesanta shi, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Can ya ajiye shi a hankali a kan tebur. Da a ce ya bar 'ya'yan, da inji yana ta aiki a lokacin nan. Ya goge su duka da hannunsa, don kada wani ya sace.

Makarantu suka fara kira, wasu suka fara janye aikinsu. Auta ce ta yi ƙarfin halin faɗin abin da kowa ya sani. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ce, "Baba, mutum ɗaya ne a garin nan yake biyan babban matakin."

Ya juya zoben makullansa a aljihu. Sannan ya ce, "Gwaggonki ta raka ni. Ke ki tsaya a shago."

Muka ratsa kasuwa da hantsi, yana riƙe da ma'ajiyar a cikin jakar zare, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa saboda kwatoci. Ya ce in sake shi, na ƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ban faɗa masa haka ba, don na ga yadda ya rungume jakar a ƙirjinsa. Shagon Sauri yana da fili, da gilashi, da sanyin na'ura, da injuna a jere. Yana ganinmu ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi. Ya rusuna ya gaida Yaya.

"Maigida, da ka aiko ai da na zo."

"Mai nema shi ke zuwa. Nawa za ka caje ni?"

"Wallahi ko kwabo ba zan karɓa ba."

"To, ba na so."

Sai da na sa baki aka daidaita a kan wani ɗan abu, don dai a ce an biya. Sauri ya haɗa ma'ajiyar, uwayen suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya a wani babban allo: tsuntsunmu, fitilar makarantar 'yan mata, zakin masu gadi, macijin asibiti, da wasu na makarantun da aka rufe tuni. Sauri, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya tsaya cak yana kallo. Ya ce, "Maigida, ashe haka suke daga ciki." Yaya ya tambaye ni wanne ne a allo yanzu, na riƙa faɗa masa.

Sannan Sauri ya yi bayani, kansa a ƙasa. Sabuwar manhajar ba ta buɗe tsohon zane sai ta juya shi zuwa nata tsarin, ta kuma ajiye shi a rumbun kamfani da sunan mai biya. Zai fitar wa Auta 'ya'yan duka, ta yi ta ɗinkawa. Amma in ana son a sauya ko harafi ɗaya, sai an dawo nan. Ya rantse ba zai ɗinka ko ɗaya don kansa ba, kuma ya cika alkawari, ban taɓa jin ya saɓa ba. Wannan ma ya ƙara mini zafi, don da ya ci amana da na sami wanda zan zaga.

Haka aka yi. Inji ya koma aiki, Auta ta riƙe shago, tana kai wa Sauri duk gyaran da ya taso tana biya. Yaya ya daina fita. Yana zama a ƙofar ɗakinsa a kan kujerar roba, rediyo a gefensa, fuskarsa tana kallon inda haske yake.

Da aka kawo sababbin bajon makarantarmu, na ɗauki ɗaya na kai masa. A idona ba shi da maraba da na dā: tsuntsu ne, da littafi, launi bai sauya ba. Na sa masa a tafin hannu ina murna. Ya bi shi da babban yatsa, daga kai zuwa wutsiya, ya dawo kan fiffike, ya tsaya. Ya sake bi.

"Wa ya yi wannan?"

"Kai mana, Yaya. Tsuntsunka ne."

"Gashin duk gefe ɗaya suka kwanta."

Daga baya Auta ta ce mini sabuwar manhajar ce take sake lissafa zaren da kanta in ta juya zane, don inji ya yi sauri. Ba wanda ya lura, har ita. Yaya ya miƙo mini bajon ya ce, "Ya yi kyau. Yara za su sa."

Dama Auta ta roƙe ni in karɓo mata makullan shago, don har lokacin na ajiya take amfani da su, kuma tana jin nauyin tambayarsa. Na faɗa masa. Ya ciro zoben daga aljihu ba musu, ya miƙo mini, don yatsunsa ba sa iya buɗe shi. Na zare na ƙofar shago, na zare na kwaɗo, na zare na akwatin zare. Saura na ɗakinsa da ɗan shuɗin nan, wanda ya koɗe har ya kusa zama fari. Na sa farce zan zare shi, in jefa a durowa tare da faifan.

Ya ji ƙarar. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Bar shi."

"Yaya, ba ya buɗe komai fa."

"Na sani," in ji shi. Ya karɓi zoben ya mayar aljihu, ya dafe shi da tafin hannu. "Da kuɗina na saya."